Tokar Isyaku Marini

Duk wanda ya tashi a lungunan da ke ciki da Ƙofar Ɗan Agundi, in dai ya fara furfura, to ya san hannun Malam Isyaku kafin ya san fuskarsa. Daga farce har gwiwar hannu shuɗi ne, irin shuɗin da sabulu ba ya ci. Marini ne, ɗan marini, jikan marini. Karofinsu, wato filin da rijiyoyin rini suke, yana nan daidai inda gidan Alhaji Mikail yake a yau. Rijiyoyi ne jere, kowacce da murfinta na kaba mai kama da malafa, ga igiyoyin shanya, ga rumfar mahaifinsa a bakin hanya inda ake karɓar aiki.

A nan ya buɗe ido. Bai yi boko ba, karatun allo ma bai yi nisa ba, amma ruwan rini ya san shi kamar yunwar cikinsa. Mahaifinsa ya koya masa da harshe: a tsoma yatsa a rijiya a lasa. In ruwan ya ɗan ciji harshe, yana santsi a yatsa, lafiyarsa lau. In ya yi salam, ko ya soma tsami, to rijiya ba ta da lafiya. Maganinta kuwa ɗaya ne tun kaka da kakanni. A tace ruwan toka a zuba, a sa muciya a dama sosai, a rufe, a ƙyale ta ta huta. Tsohon yakan ce masa, "Tsami shi ne ajalin rijiya. Duk inda ka ji shi, Isyaku, nemi toka."

Sannu a hankali sana'ar ta lalace. Yadin kanti ya cika kasuwa, masu rini suka koma dafa hodar kanti a tukunyar ƙarfe, aikin da ake mako ana yi ya zama na yini guda. 'Yan'uwansa suka watse, wannan ya kama tireda, wancan ya bi mota. Shi kaɗai ya rage da rijiya biyu, yana rina wa tsofaffi rawani da zanen goyo. Da aka zo rabon gado, magada suka ce a sayar da filin. Ya yi magiya, ya kai ƙara wajen dattawan unguwa, amma mutum ɗaya ba ya rinjayar dangi. Alhaji Mikail ne ya saya, ɗan kasuwa, jikan Larabawan nan da suka zo daga Tarabulus suka zauna cikin birni. Kakansa ma a wajen kakan Isyaku yake sarin turkuɗi, baƙin rinin nan mai ƙyalli.

Ranar da tifa ta fara juye ƙasa cikin rijiyoyin, Isyaku yana tsaye. Bai yi kuka ba. Ruwan baba, wato ruwan rinin, ya yi ambaliya ya bi kwata, lungun ya yi shuɗi har bakin titi.

A lokacin matarsa ta riga ta rasu, gidansu na gado ma ya bi filin. 'Ya ɗaya gare shi, Zinariya, tana aure a Gwammaja. Ta ce ya komo wajenta. Ya ce Allah ya kiyaye. Yaya dattijo zai tare a gidan suruki, ya ci tuwon mijin 'yarsa, ya riƙa haɗuwa da shi a ƙofar banɗaki? Gara ya kwana a masallaci.

Bai kwana a masallacin ba. Da aka gama ginin, Alhaji Mikail ya aika aka kira shi.

"Baba, tsakaninmu da ku ba yau ba ne. Ga ɗaki nan a bakin ƙofa, ka zauna. Ka riƙa duba mana shuke-shuke."

Ɗakin kuwa a kan gurbin rumfar mahaifinsa aka gina shi. In ya shimfiɗa tabarma, ya san a kan ƙasar da aka binne cibiyarsa yake kwance. Wannan ɗaki shi ne duk abin da ya rage masa a duniya, ya kuma san haka.

A tsakar gidan, inda rijiyoyi suke a da, Alhaji ya sa aka haƙa ƙaton kwami na wanka, aka shafe shi da tayil shuɗi. 'Ya'yansa sun gani a otal-otal na ƙasashen waje, suka ce su ma sai an yi musu. Da Isyaku ya fara ganinsa cike, ya tsuguna ya kamfato ruwan da hannu. Fari ne tas. Ashe shuɗin na tayil ne, ruwan ba shi da komai.

Mero, mai dafa abincin gidan, tana tsaye tana kallonsa. Bazazzagiya ce, shi kuwa Bakano, don haka ba a raba su da tsiya.

"To, marini, ga rijiya an haƙa maka, har da matakala. Tsoma rigarka mu ga ko za ta kama."

"Ke dai ji da tuwonki mai gudaji. Zage-zagi da kuka san ruwa a ƙoƙon rubutu kawai."

"Mu dai ba mu lasar ruwan da yara suka yi fitsari a ciki."

"Wa ya ce miki na lasa?"

"Ga gemunka nan yana ɗiga."

Mai kula da kwamin wani saurayi ne, Zaharaddeen, daga wani kamfani a bayan gari. Yakan zo a kan babur lokaci-lokaci. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce Isyaku bai rusuna ba. Shi ya nuna masa aikin yau da kullum: kwashe ganye da raga mai doguwar sanda, goge bango, kunna injin da ke zagaya ruwa yana tacewa, da watsa farin garin nan mai warin bilicin da ake kira kulorin. Ya kuma ba shi wani ɗan akwati mai kwalba biyu. A ɗebi ruwa, a ɗiga magani. Ɗaya takan yi rawaya, ita ke nuna ko kulorin ya isa. Ɗaya takan yi ja.

"Baba, wannan jan shi ne abin lura. In ya yi duhu ya doshi ruwan hoda mai ƙarfi, to kulorin ba zai yi aiki ba ko buhu ka juye. Sai an zuba asid kaɗan daga jarkar can. Ruwan burtsatsen gidan nan kuwa kullum can yake karkata."

Isyaku ya gyaɗa kai. Ya ji, ya kuma gane. Sai dai zuciyarsa ba ta karɓa ba. A wajen marini, launi mai duhu shi ne wanda ya kama, mai haske kuwa aikin ragwaye ne. Ranar da ya buɗe jarkar asid ɗin, hayaƙinta ya shaƙe shi, ɗigo ɗaya ya faɗa a gefen rigarsa, kafin la'asar wurin ya huje. Ya mayar da murfi ya ɗaure tamau. Abin da ke cin tufafi, shi za a zuba wa ruwan da jikokin Alhaji ke shiga? Kuma wai tsami ne zalla. Shi da ya tashi da tsoron tsami, da hannunsa zai kai shi cikin ruwa? Ya tura jarkar can ƙuryar ɗakin inji. Tunda Zaharaddeen na zuwa yana zubawa, ba a taɓa ganin bambanci ba.

Haka aka ɗauki shekaru. Kulorin ya cinye shuɗin hannunsa kaɗan-kaɗan, har faratansa suka yi fari kamar na mai wanki.

Sai wata shekara kasuwa ta ja baya, Alhaji ya shiga rage hidima. Ya tsaya a bakin kwamin yana kaɗa mukullin mota.

"Baba, ni fa ban ga abin da yaron nan yake yi wanda ba ka iya ba. Kai da ka ƙare rayuwarka a kan ruwa? Na sallame su. Ka riƙe mana."

Da ya ce, "Alhaji, akwai abu ɗaya da ban taɓa yi ba," da labarin bai zo nan ba. Amma an daɗe rabon da wani ya tuna cewa shi masanin wani abu ne. Maganar ta yi masa daɗi har ƙashi. Ya ce, "In Allah ya yarda."

Da rani abin ya tafi da ɗan dama. Ruwan ya ɗan dushe, yaran suna fitowa ido jawur suna susa, wani farin abu ya fara kama bakin tayil. Kwalbar ja kullum sai ƙara duhu take, shi kuwa in ya ɗaga ta a rana har wani daɗi yake ji. Da damina ta sauka, ruwan sama ya wanko ƙurar rufi da ganyen darbejiya ya zuba ciki. Wuta ta yi wuya, Alhaji ya hana kunna janareta da rana saboda tsadar mai, injin tacewa ya riƙa yini a kashe. Wata safiya Isyaku ya fito ya ga bangon kwamin yana santsi. Kwana kaɗan ruwa ya koma kore, gansakuka ta kama matakala.

Ya ƙara kulorin. Shiru. Ya ninka. Ruwan ya yi kamar zai washe da hantsi, kafin magariba ya koma gidan jiya.

Ga shi kuwa bikin Bahijja, 'yar autar Alhaji, ya matso. A tsakar gidan za a yi kamu, masu ado sun riga sun zo sun auna inda za su jera fitilu da furanni a kewayen ruwa. Hajiya Turai, uwar amarya, ta leƙo daga bene.

"Baba Isyaku, wannan miyar kukar fa? Baƙi za su zo daga Legas har da Masar. Haka za su gani?"

"Za a gyara, Hajiya."

"To a gyara ɗin. Alhamis ce fa."

Ya tare Alhaji a bakin mota, ya fara, "Da ma dai a ce yaron nan ya ɗan leƙo..."

Alhaji yana waya a kunne, ya ɗaga masa hannu. "Haba Baba, da wanne zan ji? Ruwa ne fa. Ka san abin yi." Direba ya ja mota.

Isyaku ya dawo ya tsuguna a bakin kwamin. Ruwa ba ya tsami banza. Ya tuna da jarkar, ya ma je ya tsaya a kanta. Bai san nawa ake zubawa ba, ya kuma tuna hujin rigarsa. In ya zuba, wani yaro ya faɗa fatarsa ta saɓule fa? Ya fito ya bar ta. Ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa. Bayan ɗacin kulorin, sai ya ji wani ɗanɗano na ruɓa, irin na rijiyar da ta soma mutuwa. Wannan kam ya san shi. Kuma a wannan ƙasar, a daidai wannan wurin, ya tashi matattun rijiyoyi ba iyaka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Toka kuwa ga ta nan banza. An kafa murahu a bayan gida ana suyar biki, itace na ci dare da rana. Ya zo da buhu yana kwasa.

Mero ta riƙe ƙugu. "Kai kuma lafiya? Bakano dai ba ya ganin kayan banza. Tokar ma kasuwa za ka kai?"

"Magani zan yi."

"Na basir?"

"Na bakinki."

Ta yi dariya, sannan ta dube shi da kyau, dariyar ta tsaya. "Malam Isyaku, wai ruwan can za ka zuba wa? Ka bari a kira yaron mana. Ina da lambarsa a wayata."

"Yaron da aka haifa jiya? Tun ubansa bai san ruwa ba nake ta da rijiya."

"Rijiyar rini ce wannan?"

Ya saɓi buhunsa.

Ranar ya yi aiki irin wanda ya daɗe bai yi ba. Ya samo kwando ya shimfiɗa tsumma, ya ɗora a bakin duro, ya tace ruwan toka mai kyau, mai santsi, mai cizon harshe, irin wanda mahaifinsa zai gani ya yi murmushi. Duro bayan duro yana juyewa. Ya cire ragar daga sandarta, sandar ta zama muciya, ya bi kwamin gefe-gefe yana damawa, kafaɗunsa na tuna abin da suka saba. Har wani ɗan amo yake yi a maƙogwaro. Da ya gama ya kashe inji, don rijiya mai jinya ba a motsa ta. Ya jawo tamfol ɗin masu rumfa ya lulluɓe kwamin ruf, ya danne da bulo. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ruwa yana hutawa, kada a buɗe.

Ya bar shi ya kwana, ya sake kwana. A kwanakin nan har tuwo ya ƙara.

Ranar Laraba da hantsi masu ado suka iso da kayansu. Alhaji da Hajiya suna tsaye aka ɗage tamfol. Wari ne ya fara fitowa, irin na kududdufin bayan gari. Ruwan ya yi kauri, kore ne ba kore ba, fari ne ba fari ba, kamar an dama kunu da kuka. Wata kumfa toka-toka ta kwanta a sama. Ko matakalar farko ba a gani.

Hajiya ta toshe hanci da mayafi ta koma ciki tana salati. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya dubi ruwan, ya dubi duro da kwando, ya ciro waya.

Zaharaddeen ya zo kafin azahar. Ya rusuna ya gaida Isyaku kamar kullum, ya ɗebi ruwa ya ɗiga magani. Jan ya wuce duk launin da ke jikin akwatin.

"Baba, me aka zuba?"

"Ruwan toka."

Saurayin ya shiga ɗakin inji, ya fito da jarkar, ƙura ta rufe ta, cike take kamar yadda ya bar ta. Ya rage murya don kada masu ado su ji.

"Baba, wannan ruwan tun farko abin da ke cikin toka ne ya yi masa yawa. Shi ya sa kulorin ya ƙi ci. Tsami yake nema, kai kuma ka ƙara masa abin da ke damunsa. Ga shi an rufe shi da zafi, inji a kashe. Gansakuka ba ta son abin da ya fi haka."

"A wajenmu tsami kashe ruwa yake yi."

"Na sani, Baba. Wancan ruwan so ake ya rayu. Wannan kuwa so ake kada komai ya rayu a cikinsa."

Isyaku ya dubi hannuwansa.

Ba yadda za a yi ruwan ya washe kafin gobe. Aka kira kafintoci suka shimfiɗa katako a kan kwamin, aka rufe da kafet, aka turare wurin da turaren wuta. A nan aka kafa kujerar amarya. Biki ya yi kyau, baƙi suka yi ta yaba dabarar, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ba wanda ya yi ciwo, ba abin da ya fashe. Isyaku yana ɗakinsa yana jin kiɗa, yana ce wa ransa tunda Allah ya rufa asiri, wataƙila a bar maganar.

Bayan biki Zaharaddeen ya dawo. Ya zubar da rabin ruwan, ruwan ya bi kwata toka-toka har bakin titi. Ya sa sabo, ya auna asid daga jarkar nan ya zuba, ya bi da kulorin da alif, inji ya yi ta aiki ba tsayawa, yanzu kam ba a ƙi kunna janareta ba. Kafin wata Juma'ar ana hango ƙasan tayil.

Ran nan bayan sallar la'asar Alhaji ya zo har ƙofar ɗakin, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama.

"Baba, ka yi mana ƙoƙari, Allah ya saka. Amma girma ya zo, ya kamata ka huta. Na yi magana da mijin Zinariya, ya ce gidansa gidanka ne. Ɗakin nan kuma kamfanin sun ce suna so su riƙa ajiye magunguna, wai can kusa da inji zafi ya yi yawa."

Har ya je ya yi magana da surukin. Wannan ta fi korar ciwo.

"Alhaji, shuke-shuken fa? Ko shara ce..."

"Haba Baba, ai sai a zage mu. Ka huta."

Ya miƙa masa leda. Shadda ce shuɗiya, mai tsada, rinin ƙasar waje. Isyaku ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, don haka aka koya masa. Da Alhaji ya juya, ya lashi babban yatsa ya murza gefen shaddar. Yatsan ya fito fari, ko alamar shuɗi bai ɗauko ba.

Mero ce ta taya shi ɗaure kaya. Ba su da yawa: tabarma, buta, akwatin ƙarfe, da guntun muciyar mahaifinsa. Ta so ta ja shi da tsiya.

"Yanzu wa zan riƙa zagi? Gidan duk Larabawa, ba su san wasa ba."

"Ki zagi jarkar. Ita ta gaje ni."

Ba ta yi dariya ba, shi ma haka.

Yanzu yana Gwammaja, a wani ɗaki da ke jikin zauren surukinsa. Mutumin kirki ne surukin, ba ya rage shi da komai, kuma wannan ɗin ne ke hana tuwon wucewa. Isyaku yakan fita tun da sassafe don kada su haɗu a ƙofa, ya zauna a dakalin masallaci har rana ta yi sanyi. Mutanen unguwar ba su san shi da wata sana'a ba, Baban Zinariya suke ce masa. Ba sauran shuɗi a hannunsa da zai gaya musu.

Zinariya ta kai shaddar an ɗinka masa babbar riga. Tana cikin akwati, bai taɓa sawa ba. Mero takan zo jefi-jefi da ɗan dambu a kwano. Zuwanta na ƙarshe ta ce masa ruwan ya yi garau, sai dai yaran duk sun koma makaranta, ba mai shiga. Ɗakinsa kuma an sa masa ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Ya ce, "Madalla." Ya tura kwanon gefe, ya jawo butarsa, don an kusa kiran salla.